Rabin Saƙon Baba

A gidansu Auta ba a katse Baba. Ba don yana da faɗa ba, ko kusa, mutum ne da bai taɓa ɗaga wa ɗa murya ba. Abin dai shi ne, in ya soma magana sai ya kai tsakiya ya tsaya. "Ni kam wannan ƙofar…" zai ce, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ƙura wa bango ido, kowa ya yi tsit da cokali a hannu. Wani lokaci sauran maganar ta zo, wani lokaci har shayi ya huce ba ta zo ba. Haka Auta ta tashi ta tarar ana yi. Da tsufa ya zo ya fara taɓa masa tunani, tsayawar ta ƙara tsawo, amma ba wanda ya canza hali. In ya ɗaga yatsa, jira ake yi.

Auta ce ta yi karatun kwamfuta a gidan. Tana aiki a wani ƙaramin kamfani mai ɗaki biyu a saman wani kantin magani, inda ake kiranta Injiniya. Sana'arsu ita ce ɗaura wa tsofaffi da marasa lafiya da ke zaune a gida wani abu a wuyan hannu. Tsofaffin suna ce masa agogo, alhali ba ya faɗin lokaci, jan maɓalli ɗaya ne kawai a jikinsa. Jifa-jifa agogon kan turo gajeren saƙo mai nufin "ina nan". In kuwa mai shi ya faɗi, ko ƙirji ya riƙe shi, sai ya danna, agogon ya turo dogon saƙo mai ɗauke da bugun zuciyarsa da inda yake. A ɗakin gaba wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, wadda kowa ke ce wa Sista, tana zaune gaban babban allo cike da ƙananan akwatuna koraye, kowane mutum da nasa. Wanda ya koma ja, ta tura masa motar asibiti.

Duk wannan yana rataye ne a wuyan wata na'ura da ke ƙuryar ɗakin baya, kusa da bokitin goge-goge. Ita ce saba. Manhajar da ke cikinta Auta ce ta rubuta, kuma ma'aikaci ɗaya tal ta sa a ciki, shi ke sauraron agogon kowa. Ranar da Manajan kamfanin ya ji haka sai da ya zare ido. Auta ta yi masa bayani cewa kowane agogo yana da ƙofarsa a cikin na'urar, wadda masu sana'ar ke kira soket. Ma'aikacin ba ya tsayawa a kowace ƙofa. Tambaya yake yi, waɗanne aka ƙwanƙwasa, ya leƙa waɗannan kaɗai, ya karɓi abin da aka kawo, ya yi gaba. Ba ya cin wuta, ba ya gajiya, tsohuwar na'ura ma ta ishe shi. Doka ɗaya ce: kada ya taɓa tsayawa jira a ƙofa guda. Ko rabin saƙo ya tarar, ya karɓa ya ajiye, ya wuce, in sauran ya zo ya dawo ya haɗa. Ta maimaita dokar nan har Sista, wadda ba ta san komai a kwamfuta ba, ta haddace ta tana tsokanarta da ita in ta daɗe a waya.

To, mai dokar ce ta karya abarta. A makon da ya wuce aka kawo sababbin agogo masu saƙo mai tsawo, Manaja yana tsaye a kanta yana ta azalzala. Sai ta rubuta cewa in na sabon agogo ne, ma'aikacin ya karanta kan saƙon, ya ga tsawonsa, ya tsaya nan har sauran ya shigo. Ai sauran yana biye, in ji ta, ƙiftawar ido ne. Ta gwada a kan teburinta inda sabis yake cike, ya yi aiki sumul. Ta ce za ta dawo ta gyara in ta sami sarari. Agogo na farko a cikin sababbin kuwa, a hannun Baba ta ɗaura shi da kanta, domin ya fara fita yana manta hanyar gida, kuma sabon ya fi tsohon iya nuna inda mutum yake.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya dubi ludayi, fanka na juyawa, Sista na ɓare lemo a kan tsohuwar jarida. Can ta ajiye wuƙar.

"Injiniya, yau mutanena sun yi lafiya da yawa."

"Ai abin so ne, Sista."

"A'a. Ba na son irin wannan lafiyar. Zo ki gani."

Auta ta taso tana murmushi, murmushin bai kai ga allon ba. Akwatunan duk koraye ne, amma ba sa ƙyaftawa. A kullum, duk sanda agogo ya ce "ina nan", akwatinsa kan ɗan yi haske, har allon ya zama kamar ana yayyafi a kan kwano. Yanzu ko ɗaya bai motsa ba. Agogon da ya yi shiru ya kamata akwatinsa ya koma toka-toka, amma wa ke canza launin? Ma'aikacin nan ɗaya. In ya tsaya, allon zai ci gaba da cewa kowa lafiya ko da duk garin ya faɗi.

"Tun yaushe yake haka?"

"Ban daɗe da lura ba. Ki kashe ki kunna mana, ba haka kuke yi ba?"

"In na kashe, duk abin da ke jira a ƙofofin ya zube. Har na wanda ya danna, in akwai."

Ta koma teburinta da sassarfa, ta shiga cikin sabar. Manhajar ba ta mutu ba. Da ma ta mutu da ya fi sauƙi, domin na'urar za ta tayar da ita da kanta. Tana nan da ranta, a tsaye cak a ƙofa ɗaya, ta karɓi kan saƙo tana jiran sauran. Auta ta ji kunya ta rufe ta tun kafin tsoro ya gama shigarta, don ta gane layin da ta rubuta da hannunta. Gyaran gaggawa mai sauƙi ne. Ta yanke wannan ƙofa guda, ma'aikacin ya ga an rufe, ya zubar da rabin saƙon, ya ci gaba da zagayensa. Ta rubuta umarnin, saura ta sa lambar ƙofar, sai ta duba ta ga ta wane agogo ce.

Ba ta buƙaci binciken mai lambar ba. Ita ta ɗaure maɗaurin, har ta ƙara masa huda don hannun ya rame.

Kan saƙon abu biyu ya faɗa: lambar agogon Baba, da cewa abin da ke tafe dogo ne. Ba "ina nan" ba ne. Dogon saƙo kan zama neman taimako, kan kuma zama rahoton da agogo ke bayarwa game da batirinsa ko lafiyar jikinsa. Wanne ne a ciki, yana cikin rabin da bai iso ba. Inda Baba yake ma yana cikin wannan rabin.

Ta kira wayar Baba. Yayarta ce ta ɗauka, wadda ke zaune da shi.

"Yaya, ina Baba?"

"Ya fita tun ɗazu shan iska. Ga wayarsa nan ya bari a kan firij, kin san halinsa."

"Kika bar shi ya fita shi kaɗai?"

"Auta, wanki nake yi. Kuma ba ke kika ce in daina tsare shi kamar fursuna tunda yana da agogo ba? Lafiya dai?"

"Ki fita ki duba layin nan. Yanzu, Yaya, don Allah."

Ta ajiye wayar. A daidai lokacin ne ta ga abin da ta so a ce ba ta gani ba. A gefen allonta akwai jerin sauran ƙofofin, kowace da nauyin abin da ya taru a bakinta yana jira. Duk suna ƙaruwa kaɗan-kaɗan, tare, irin ƙaruwar gajerun saƙonni. Sai guda ɗaya ta yi tsalle ta wuce 'yan'uwanta. Wani dogon saƙo ya iso, ya tarar da layi, ya tsaya a bayan na Baba. Ba ta da yadda za ta buɗe shi, a kulle yake zuwa, ma'aikacin kaɗai ke da mabuɗi.

Sista ta shigo tana goge hannu da gefen mayafinta. Ta dubi fuskar Auta, ta daina gogewa.

"Kin gano?"

"Ƙofa ɗaya ce ta riƙe shi."

"Ta wa?"

"Ta Baba."

Sista ta jawo kujera, amma ba ta zauna ba. "In kin yanke me zai faru?"

"Rabin saƙon ya zube. In agogon na da rai zai sake kira. In ya fashe ko ya faɗa ruwa, shi ke nan, ba zan san inda yake ba."

"In kin jira fa?"

"In sabis ne ya ɗauke, yana dawowa sauran zai shigo, in ga inda yake. Komai ya ci gaba da kansa."

"Sauran mutanen?"

"Suna jira."

"Akwai wanda ya danna a cikinsu?"

Auta ta dubi ƙofar nan da ta yi tsalle. "Ban sani ba," ta ce. Gaskiya ce ta wani fanni, ai zai iya zama rahoton batiri. Amma ta san ƙarya ta yi.

Sista ta koma ɗakin gaba, ta ɗauki wayar tebur, ta soma kiran waɗanda ta fi jin tsoron jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Auta tana jin muryarta ta cikin ƙofa. "Mama, kina lafiya? A'a, gaisuwa ce kawai. To, Allah ya ƙara sauƙi." Ta ajiye, ta sake kiran wani. Mutane ne masu yawa, waya kuwa ɗaya, kuma kowane tsoho sai ya tambayi lafiyar yara kafin ya bari a ajiye.

Auta ta ɗora yatsa a kan maɓallin da zai aika umarnin, ba ta danna ba. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tana ganin Baba a bakin babban titi yana ɗaga ƙafa. Tana ganin kwatar nan da aka buɗe a bayan makaranta ba a rufe ba. Tana ganinsa kwance a wani lungu ya danna maɓallin kamar yadda ta koya masa, ya yarda cewa Autarsa ta ji, yana jira. Ya soma magana bai ƙarasa ba, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa tafiya ta bar shi a tsakiyar magana ba. Ɗan kaɗan dai, ta ce a ranta. Sabis kan ɗauke ya dawo. Bari fankar sabar ta ƙara juyawa kaɗan.

Ƙofar nan ta sake yin tsalle. Ba a jima ba ta sake. Agogo ba ya kawo rahoton batiri a jere haka. Wani ne yake dannawa, yana sake dannawa, yana mamakin me ya sa ba a amsa ba. Yanzu kam ba ta da abin fakewa da shi. Duk da haka yatsan bai sauka ba. Ta ji tana roƙon Allah a kan layi ɗaya na rubutu, ya motsa, ya motsa.

"Tela bai ɗauka ba," in ji Sista daga bakin ƙofa. Wani dattijo ne mai hawan jini, yana zaune shi kaɗai a bayan shagonsa, shi ya rage wa Sista labulen ofis ɗin ma. "Shi da yake ɗauka tun ƙarar farko don ya sami abokin hira. Na kira, na sake kira."

Auta ta ci gaba da kallon allonta, yatsanta a kan maɓallin.

Sista ta zo ta tsaya a bayanta. Ba ta iya karanta allon ba, amma lambar da ta fi sauran tsawo ba ta buƙatar karatu. Ta dafa kafaɗarta, ta kira ta da sunan gida, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Auta. Yanke."

Ta danna.

Nan take allon ɗakin gaba ya farka, akwatuna suka hau ƙyafce-ƙyafce gaba ɗaya. Ɗaya ya koma ja, ƙararrawa ta ɗauki kuka. Na Tela ne. Kafin Auta ta miƙe Sista ta riga ta kai ga waya tana karanta wa direban motar asibiti adireshi. Auta ta nemi akwatin Baba a kusurwar ƙasa. Ya koma toka-toka. Ta tsaya tana kallonsa ko agogon zai sake kira, bai kira ba.

"Je ki," in ji Sista, ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ba ni da inda zan tura masa mota. Je ki neme shi da ƙafa."

Ba ta san yadda ta sauka daga benen ba. Ta tari tasi, ta sauka a bakin unguwarsu, ta manta ko ta rufe ƙofar motar. Yaya ta kira tana kuka, ta ce ta duba layinsu da na baya ba ya nan. Auta ta bi hanyar da ya saba bi. Ta leƙa kwatar bayan makaranta, ta ga leda da takalmi wari guda, sai da ta duba da kyau ta ga na yara ne. A kan kwana ta hango mutane sun yi cincirindo sun zagaye wani abu a ƙasa. Ta kutsa cikinsu, ashe babur ne ya zubar da buhun albasa ana tayawa tsincewa. Ta tsaya gun mai aski, wanda ke yi wa Baba gyaran fuska.

"Ya wuce nan da jimawa," in ji shi, almakashi a hannu. "Na gaishe shi bai ko ji ba, yana ta kallon hannunsa. Ya yi wajen kasuwa."

Yana ta kallon hannunsa. Hannun ne ya mutu, ko ciwon ƙirji ne ya sauko masa? Ta ruga. Mayafinta ya maƙale a ƙofar wani shago ta fizge shi. Ta wuce masu kayan wuta, ta wuce masu robobi, tana leƙa kowace rumfa, tana duban ƙasa fiye da yadda take duban fuskoki.

A ƙarshen layin, ƙarƙashin wata lema da rana ta cinye launinta, ta hango ƙeyar da ba za ta taɓa ɓace mata ba. Yana zaune a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sandarsa a jingine. Gabansa akwatin gilashi ne cike da tsofaffin agogo, a bayan akwatin kuma mai gyara ne da ɗan tabarau a ido ɗaya. A kan tsumman da ke gabansa ga agogon Baba a buɗe, bayansa gefe, batirinsa gefe.

Ta durƙushe a gaban bencin ta kama gwiwoyinsa.

"Af, Auta ce? Ba kya wurin aiki?"

"Malama, ke ce mai shi?" in ji mai gyaran. "Wannan agogon naku ba fuska ba hannu. Ina buɗe shi ya hau kaɗawa kamar an taɓa gidan zuma, sai na yi maza na zare batirin kada ya ƙone. Na gwada batirin kuwa, lafiyarsa ƙalau. Ni dai ban ga inda lokaci zai fito ba."

Ashe rahoto ne agogon ya soma turowa cewa an buɗe shi, aka zare masa rai yana tsakiyar faɗa.

"Tun da kika ɗaura min bai taɓa faɗin lokaci ba," in ji Baba. "Na ce kada in dame ki, kina da aiki. Bari in kawo a duba."

Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta yi. Ta riƙe wuyan hannunsa, inda maɗaurin ya bar shaida, ta ji jininsa yana bugawa a hankali, daidai, ba abin da ya same shi. Daɗi ya cika ta har ta ji jiri. Sai wayarta ta yi ƙara, ta ga Sista ce, daɗin ya tsiyaye kamar an huda shi.

"Na same shi, Sista. Lafiyarsa lau."

"Alhamdu lillahi," in ji Sista. "Sun sami Tela a ƙasa, gefen keken ɗinkinsa. Yana numfashi, amma ɓarin jikinsa ba ya motsi, ba ya magana. Likita yana tambaya tun yaushe ya faɗi, ya ce da wannan zai san abin da zai yi masa. Allona lokacin da saƙon ya iso yake nunawa, wato lokacin da kika yanke. Ni da ke mun san ba lokacin ya danna ba."

Auta ta san lokacin. Tana ajiye wayar Yaya ƙofar ta yi tsalle, kuma kiran yana nan a wayarta da lokacinsa a gefe. Kafin nan Tela bai danna ba. Duk jiran da ya yi a ƙasa, ba kuskuren makon jiya ba ne ya sa shi. Yatsanta ne da ya ƙi sauka.

Baba ya ɗaga yatsa ɗaya, ya dubi akwatin gilashin. "Auta, ni kam wannan agogon…"

Ya tsaya. Mai gyaran ma ya dakata da aikinsa yana jira, kamar ɗan gida.

"Baba, dakata tukuna," ta ce.

Ya dube ta da mamaki, ya sauke yatsan a hankali ya ɗora a kan gwiwarsa. Ta cire wayar daga kunne, ta buɗe jerin kira, ta karanta wa Sista lokacin ba ta rage ko kaɗan ba. Ta ji Sista tana lissafi a zuci, ta ji numfashin da ta ja da ta gama.

"Zan faɗa wa likita yanzu," in ji Sista. "Amma 'yarsa tana kan ɗaya layin tun ɗazu. Ta ce mahaifinta ba ya wasa da maɓallin nan, ita ta ɗaura masa, ta yi masa alkawari in ya danna za a ji. Tana tambaya me ya tsare mu. Ni zan amsa mata, ko ke?"

Auta ta dubi Baba. Yana zaune lafiya, yana kallon batirin da ke kan tsumma, ya riga ya manta an katse shi. Hannunsa yana cikin nata, da ɗuminsa.

"Haɗa ni da ita," ta ce.